Wa ke ƙirga wa ɗan kaso kwanakinsa a Damagaram?

Mutanen da ke gidan kason Damagaram iri biyu ne, ko da yake daga waje duk fursuna muke ce musu. Akwai wanda alƙali ya yanke wa hukunci, ya san ranar fitarsa. Akwai kuma wanda aka kai ajiya yana jiran shari'a, wanda a idon doka ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Na biyun nan shi ya fi damuna, domin bai san abin da yake jira ba, kuma sau da yawa babu mai tambaya a kansa.

A rubuce, haƙƙinsa ba kaɗan ba ne. Tsarewar bincike a wurin ƴan sanda ko jandarma awa 48 ce a laifukan yau da kullum, ba a ƙara ta sai da izinin mai gabatar da ƙara. Tun 2014 UEMOA, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma wadda Nijar ke ciki, ta zartar cewa lauya na iya tsaya wa mutum daga lokacin da aka kama shi, ba sai an je gaban alƙali ba. Sashe na 7 na yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ya ba shi damar zaɓen mai kare shi da yi masa shari'a ba tare da jan lokaci ba. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, na 2015, sun ce a raba mai jira da wanda aka hukunta. Tsarewar jiran shari'a ita ma doka ta yanka mata wa'adi.

To, wa'adin nan wa zai tuna da shi? Kusan dukkan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, kusan kilomita 900 daga nan. Muna da babbar kotu, muna da kotun ɗaukaka ƙara, amma manomin Magariya ko Matamaye da aka kama ɗansa, idan yana son lauya, sai ya biya kuɗin aiki, ya haɗa da na mota da masauki. Sai a ɗage zama, a sake lale. Mutum nawa ne a ƙauye zai iya wannan ba tare da ya sayar da gona ko sa ba?

Mutane na ɗauka aikin lauya shi ne iya magana ranar shari'a. Mafi amfaninsa yana can baya: shi ke duba takardun ƙara, ya gane wa'adi ya cika, ya rubuta neman sakin talala, ya riƙa zuwa ofishin alƙali mai bincike har a gaji da ganinsa. Wanda ba shi da mai yi masa wannan zirga-zirga, takardarsa sai ta kwanta ƙarƙashin ta wasu, ba don mugunta ba, sai don alƙalai kaɗan ne, ƙararraki kuma tuli.

Gwamnati ta san da giɓin. Shi ya sa dokar 2011 ta kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali a harkar shari'a, kuma kotuna kan naɗa masu kariya waɗanda ba lauyoyi ba ne inda babu lauya. Allah ya saka musu. Amma wanda aka miƙa wa takardu dab da zama, bai taɓa ganawa da wanda zai kare ba, ba zai yi fiye da roƙon sassauci ba. Ga takardun da Faransanci, alhali tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa.

Na san abin da za a ce: ɓarayi sun hana mu barci, su za ka tausaya wa? Wanda aka yi wa sata ma yana da haƙƙi, kuma jinkirin nan shi ma yana cutar da shi, shaidu su watse, kayan shaida su ɓata. Sannan yaron da ya shiga kan zargin wayar hannu, ya yi watanni tare da riƙaƙƙu, da wace sana'a zai fito?

Abin da nake nema bai kai gina sabon kurkuku tsada ba. A naɗa mai kariya tun ranar da aka kai mutum ajiya, a biya shi a kan lokaci. Ƙungiyar lauyoyi ta riƙa turo ƴaƴanta Damagaram bi da bi su zauna. Kowane ɗan jira kuma a faɗa masa da Hausa, a gaban wani danginsa, ranar da wa'adin tsarewarsa zai ƙare da ofishin da za a je idan ranar ta wuce.