Mastar a akanta da nazarin bayanai: a gina ta a kan littattafan kasuwarmu

Matashin da ya karɓi lisans a fannin akanta a Ngawundare ko Marwa ba ya daɗewa kafin tallace-tallace su fara cika masa waya. A Facebook da WhatsApp makarantu na gida da na waje suna ta kiransa ya zo ya yi digiri na biyu, wato mastar, kuma abin da ake yayi yanzu shi ne a haɗa akanta da nazarin bayanai ta kwamfuta. Iyaye kuma suna tambaya ko abin ya cancanci a sayar da sa ko fili a kansa. Ni dai ina ganin karatun yana da amfani, kuma mu 'yan arewacin Kamaru muna cikin waɗanda suka fi buƙatarsa. Sai dai ina da sharaɗi: a koyar da shi a kan dokar lissafin da muke aiki da ita, da kuma littattafan kasuwancin da ake yi a ƙasarmu.

Aikin akanta ya sauya a idonmu. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2018 kamfanoninsu suke rufe lissafi bisa sabon tsarin lissafin ƙungiyar, wato SYSCOHADA, da aka amince da shi a Brazzaville a 2017. Bayanin ƙarshen shekara da ake kai wa hukumar haraji, wanda kowa ke kira DSF, yanzu ta intanet ake shigar da shi. Kuɗin ciniki da yawa ya bar aljihu ya koma MTN Mobile Money da Orange Money, har gwamnati ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan tura kuɗi da cire shi tun 2022. Manhajar lissafi irin Sage tana yin abin da akawu uku ke yi a da. Wanda iyakar saninsa ya shigar da rasit ya fitar da jimla, albashinsa ba zai taɓa yin kauri ba, domin kowa na iya koyon wannan cikin 'yan watanni. Abin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ya zauna gaban dubban layukan lambobi ya san tambayar da zai yi musu.

Nan ne nazarin bayanai ke shigowa. A da mai binciken lissafi yakan zaro rasit kaɗan daga cikin dubbai ya duba, ya yi fatan sauran ma haka suke. Yau wanda ya iya Excel da kyau, ya ƙara da harshen kwamfuta irin SQL ko Python, zai bi su duka a yini guda. Zai ga rasit ɗin da aka biya sau biyu, da kuɗin da ya fita ranar da ofis ke rufe, da sayayyar da kullum take tsayawa ƙasa kaɗan da adadin da ke buƙatar sa hannun shugaba. Akwai ma wata ƙa'ida da masanin kimiyya Frank Benford ya bayyana a 1938: a tarin lambobin da suka taso da kansu, kusan kashi 30 cikin 100 da 1 suke farawa, masu farawa da 9 kuwa ba su kai kashi 5 ba. Mai ƙirƙiro rasit daga kansa bai san da wannan ba, sai lambobinsa su fita daban. Ba hujjar sata ba ce, amma tana nuna wa mai bincike fayil ɗin da zai fara buɗewa.

Na ga irin wannan aiki a wani shagon sari a Garwa. Wata ɗaliba, 'yar ƙanwar mai shagon, ta sa aka fitar mata da jerin kuɗin da suka shigo ta wayar shago na wata uku, ta kwafe littafin ciniki cikin kwamfuta, ta jera su gefe da gefe. Wasu cinikin an rubuta "an biya ta waya" amma babu su a jerin. Ta ce, "Kawu, waɗannan ba su shigo lambar shago ba." Alhaji ya gyara tabarau ya ce, "To 'yata, ina suka shiga?" Ashe idan layi ya yi tsawo, yaran shago sukan ba masu saye lambobinsu, da nufin su mayar da yamma. Wani ya mayar, wani ya manta, wani kuma Allah ne masani. Ba a kori kowa ba. An liƙa lamba ɗaya a bango, aka ce duk daren Asabar za a daidaita littafi da waya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yarinyar ta gano tsagar ne da abin da bai wuce Excel ba, domin ta san yadda ake ciniki a shagon.

Wannan sani na biyu, na yadda ciniki da lissafinsa ke gudana, shi ne nake tsoron a yi wa riƙon sakainar kashi. Makarantu da yawa suna tallan zane-zane masu launi na manhajar Power BI kamar su ne ilimin. Amma wanda bai bambance riba da tsabar kuɗin da ke akwati ba, zanensa zai fito da kyau ya ɓatar da mai gida. Kashi 19.25 cikin 100 na harajin kan kaya, wato TVA, da ɗan kasuwa ya karɓa ba nasa ba ne, ajiyar hukuma ce, kuma duk wanda ya lissafa shi cikin ciniki ya kumbura ribar banza. Ɗauki auduga. SODECOTON, masana'antar auduga wadda ke da hedkwata a Garwa tun kafa ta a 1974, tana ba manoma taki da maganin ƙwari bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, a cire kuɗin lokacin sayen auduga, kuma 'yan ƙungiya suna lamunin juna. Mai nazarin da bai san haka ba zai kalli takarda ya ce manomi kaza ya biya bashinsa daidai, alhali maƙwabtansa ne aka yanke wa. Ko ka ɗauki mai sayo kaya a Mubi da naira ya sayar a Garwa da sefa. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya a kan sefa 655.957, naira kuwa ta zube tun da aka sake ta a Yunin 2023. Wane farashi za a rubuta kayan da shi, na ranar saye ko na ranar biya, kuma ina za a ajiye bambancin? Wannan tambayar akanta ce, kuma kwamfuta ba za ta amsa ta ba sai wanda ke gabanta ya san amsar.

Shi ya sa nake jan hankalin iyaye game da karatun waje da na intanet. Mastar da ake yi a Amurka a kan dokokin lissafi da harajin Amurka aka gina ta. Karatu ne mai kyau ga wanda zai zauna can. A yankin OHADA, ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IFRS sun wajaba ne tun 2019 a kan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari da masu neman kuɗi daga jama'a, kuma irinsu nawa ne tsakanin Ngawundare da Kusuri? Yawancin masu kasuwancinmu suna ƙarƙashin tsarin SYSCOHADA na yau da kullum, ƙananan kuma, masu saye da sayarwar da cinikinsu bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba, an sauƙaƙa musu da lissafin shiga da fita kawai. Yaron da ya dawo da takarda mai tambarin zinariya amma bai taɓa cika DSF ba, dole ya sake zama ɗalibi a ofishin wani.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa da ƙarfi. Mastar ba ta mayar da mutum ƙwararren akanta mai sa hannu a lissafin kamfani. Wannan hanya ce daban mai tsawo: takardar ƙwarewa, shekarun horo a ofishin ƙwararru, amincewar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, sannan rajista a ONECCA, majalisar ƙwararrun akantoci ta Kamaru. Kafin uba ya biya ko sisi, ya sa ɗansa ya tambayi makarantar ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta san da takardarta, su wa ke koyarwa kuma ko sun taɓa rufe lissafin kamfani, da irin bayanan da ɗalibai ke aiki a kansu. Kuɗin rajista a jami'ar gwamnati sefa 50,000 ne a shekara, amma mastar ta sana'a takan ninka haka sau da yawa, ta waje kuwa maganar miliyoyi ake yi. Mai biyan irin wannan kuɗi yana da haƙƙin a amsa masa dalla-dalla.

Na san abin da za a ce. Za a ce ina bayanan suke a arewa, ina aikin yake, ina ma wutar da za a kunna kwamfutar? Maganar wuta gaskiya ce. Madatsar ruwa ta Lagdo mai megawat 72 ta daɗe tana ɗauke da wutar jihohin arewa uku, kuma idan ruwa ya ja baya kowa ya san yadda dare ke kasancewa. Ɗalibi mara kwamfutar kansa ba zai koyi wannan fanni daga allo ba. Amma cewa babu bayanai ko babu aiki, wannan ban yarda ba. Kamfanin shinkafa na SEMRY na da lissafin manoman shinkafa a Yagwa da Maga. Ƙananan bankuna suna da tarihin bashin dubban mutane, kuma suna son sanin wa zai biya. Kayan Chadi suna sauka daga jirgin ƙasa a Ngawundare su hau tirela har gadar Ngeli ta kan iyaka, kowace mota da takardunta. Albasar Marwa da shanun kasuwar Adumri suna juya kuɗi masu yawa, lissafinsu na cikin littafin makaranta mai layi ko a kan dillali. Tun da rikicin Boko Haram ya kawo sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, ƙungiyoyin agaji suka cika Marwa, kuma masu ba su kuɗi suna neman bayanin kowane sefa. Tun 1 ga Janairun 2024 ma OHADA ta ba ƙungiyoyin da ba na riba ba tsarin lissafinsu na musamman, wato SYCEBNL. Ga ƙananan hukumomi, ga kuma majalisun jihohi da aka zaɓa karon farko a Disambar 2020, kowacce da kasafinta. Abin da ke ba ni takaici shi ne sau da yawa idan kujerar kula da kuɗi ta buɗe a irin waɗannan wurare, daga nesa ake ɗauko mai zama a kanta, a ce ba a samu ƙwararre a gida ba.

Alhali ɗan gida yana da abin da baƙo ba zai saya ba. Yana jin Fulatanci da Hausa, wani har da Larabcin Shuwa ko Kanuri, ga Faransanci. Zai zauna a kan tabarma da shugaban ƙungiyar manoma ya gane me "bashin damina" ke nufi a bakinsa. Lamba ba ta da tsabta sai an tambayi wanda ya rubuta ta, kuma mutum da harshensa yake faɗin gaskiyar littafinsa. 'Yan mata ma su shigo da ƙarfinsu, don aiki ne da aure da reno ba sa hanawa, ana iya riƙe lissafin shaguna da yawa daga ɗaki ɗaya.

Nauyi mafi girma yana kan jami'o'inmu uku: Ngawundare da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, Marwa ta 2008, da Garwa ta 2022. Ina roƙon su daina barin ɗalibin mastar ya rubuta kundinsa ta hanyar raba takardun tambaya ga mutane kaɗan a kan bankunan Duwala da bai taɓa shiga ba. A ƙulla yarjejeniya da kamfanoni da ƙungiyoyin yankin su ba da bayanan shekarun baya, a goge sunayen mutane kamar yadda dokar kare bayanan sirri ta Disambar 2024 ta buƙata, ɗalibai su yi aiki a kansu har su mayar wa mai bayanan da amsar da zai yi amfani da ita. Malamin akanta da malamin kwamfuta su shiga aji ɗaya tare, maimakon kowa ya koyar da nasa a bar wa ɗalibi ɗinkin. A gayyato masu aiki a ofisoshin ƙwararru su riƙa ɗaukar darasi, a nemi haɗin gwiwar ISSEA, makarantar ƙididdiga ta CEMAC da ke Yawunde. Ɗakin kwamfuta ɗaya mai wutar sola wanda ke buɗe har dare ya fi sabon suna a kan takardar shaida. A kuma buɗe ajin yamma, domin da yawa cikin waɗanda suka fi dacewa da karatun sun riga sun fara aiki.

Sai alhazanmu 'yan kasuwa, waɗanda littattafan ke hannunsu. Na san dalilin ɓoyewar: tsoron kada rubutu ya kai su ga masu haraji. Amma rashin rubutu bai taɓa hana haraji zuwa ba, sai dai ya hana mutum abin da zai kare kansa da shi idan an yanka masa fiye da ƙima, ya kuma hana shi bashin banki ranar da yake so. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi, kuma mai fitar da zakkar kasuwanci ba zai san kashi 2.5 ɗinsa ba sai ya san ƙimar hajarsa da bashin da yake sa ran karɓa. Mun kuma ga gidajen da dukiya ta watse bayan rasuwar mai gida saboda lissafin duka a kansa yake. Akwai cibiyoyin da hukuma ta amince da su, waɗanda ake kira CGA, masu taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa riƙe lissafi, kuma mambobinsu na samun sassaucin haraji. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Garwa da Marwa da Ngawundare za su iya zama da su da jami'o'i a tsara yadda kowane ɗalibin mastar zai riƙe littafin shago ɗaya na tsawon shekara, ƙarƙashin idon malaminsa, da alƙawarin sirri a rubuce, kafin a ba shi takarda.