Toshi ba bashi ba ne, a daina ɓata wa alƙalai lokaci

Wai abin da ya rage mana kenan yanzu, saurayi ya yi ta hidima da budurwa, ranar da soyayya ta watse sai ya ɗauko lissafi ya nufi kotu a biya shi. Kuɗin data, kuɗin anko, wayar da ya saya mata lokacin ana ɗasawa, duk sun koma "rance". Rancen da babu takarda, babu shaida, babu ranar biya.

Kowa ya tuna ƙarar da wani ya kai Hadiza Gabon a kotun shari'ar Musulunci ta Magajin Gari a Kaduna a 2022, yana cewa ya kashe mata naira 396,000 bisa alƙawarin aure, ita kuma ta ce ba ta taɓa sanin sa ba. Aka yi ta zaman kotu, 'yan jarida na ta ɗauka, alhali ga shari'ar gado da ta marayu da matan da aka saka aka bar su da yara ba ci ba sha suna jiran layi.

Shari'a ba ta bar mu cikin duhu ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara cewa ta yi in kun ƙulla bashi ku rubuta, ku kafa shaidu. Hujja kuma a kan mai da'awa take. Abin da malaman Malikiyya suka yi magana a kai shi ne kayan da aka kai ta hannun magabata da sunan neman aure, wanda in ɓangaren mace ne suka fasa ana iya mayarwa. Wannan daban yake da turawa ta waya da tsakar dare kana "ki sayi kati ranki ya daɗe", iyayenta ma ba su san da zamanka ba, sannan ka zo gaban alƙali kana kumfar baki.

Masu cewa ai 'yan mata ma suna yaudara su tara samari biyar suna tatsa, to ai damfara tana da sashenta a doka, a kawo hujja.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne tunanin da ke ƙasan wannan ƙara: na kashe kuɗi, don haka na mallake ta. Ɗan Chanan nan da ya kashe Ummita a Kano a 2022, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a 2024, shi ma miliyoyin da ya ce ya kashe mata ya riƙa lissafawa a gaban kotu.

Alƙalanmu su riƙa tambaya tun zaman farko: ina takarda, ina shaidu, waliyyinta ya sani? In babu, a kori ƙarar, a ɗora masa kuɗin ɗawainiyar yarinyar da ya ja wa tonon silili.