Kwana biyar ko kwana 14: me ya hana mu sa ƙwayoyin tsayar da jini a firji?

Tun watan Yunin 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a riƙa ajiye ƙwayoyin tsayar da jini, wato filatilet, a cikin firji har kwana 14, a ƙara wa wanda jini ya ɓalle masa idan ba a samu irin wanda aka saba ba. Mu 'yan Najeriya ya kamata labarin ya fi yi wa daɗi. Amma da na tayar da zancen a wani zama kan ba da gudummawar jini a Agege ta Legas, sai wani babban ma'aikacin lafiya ya yi murmushi ya ce, "Malam, littafi digiri 22 ya ce. Wannan sai Turawa." Amsar nan ce ta tsaya mini a rai.

To, bari mu duba littafin. Gaskiya ne, ƙa'idar da aka saba ita ce a ajiye filatilet tsakanin digiri 20 da 24, a kan wata na'ura mai jijjiga ledar dare da rana. Ko an yi hakan, kwana biyar ne wa'adinsa, bakwai idan an yi gwajin ƙwayoyin cuta. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa suna kai kwana 35 zuwa 42 a firji. Filatilet shi ne kayan gwarin bankin jini, kuma duk ɗan kasuwar Mile 12 ya san halin kayan da ba ya jiran mai saye: ko dai ka sauke kaɗan, ko ka zubar da yawa. Shi ya sa ba kowane asibiti ke yarda ya ajiye shi ba. Sai buƙata ta taso a fara cigiya, saƙon murya ya karaɗe zaurukan WhatsApp daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, ana neman 'yan uwa masu jini iri kaza su garzaya.

Daga ina ƙa'idar ta fito? Kafin 1969 a firji ake ajiye shi. A shekarar ne wasu likitoci biyu a Amurka, Scott Murphy da Frank Gardner, suka nuna cewa filatilet ɗin da ya sha sanyi ba ya daɗewa a jikin wanda aka ƙara wa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu jiki ya kwashe shi, alhali na ɗumin ɗaki yana haura mako. Binciken gaskiya ne. Sai dai a tambayi wa ake ƙoƙarin ceta a lokacin. Yawanci masu sankarar jini ne da magani ya kassara ɓargonsu, waɗanda ake ƙara wa don rigakafin zubar jinin da bai zo ba tukuna. Irin wannan majinyaci lallai yana buƙatar wanda zai daɗe yana zagayawa a jikinsa.

Matar da ta haihu jini ya ƙi tsayawa fa? Ɗan acaɓar da tirela ta taka a hanyar Apapa fa? Su ba mako guda suke nema ba, sa'a guda suke nema. Kuma a nan abin ya juye: sanyi yana sa filatilet ya zama a shirye, ya fi saurin manne wa rauni. An gwada shi a kan masu tiyatar zuciya a Bergen ta ƙasar Norway, sojojin Amurka ma sun yi amfani da shi a Afghanistan. Ga kuma batun ƙwayoyin cuta. Ledar da ta kwana biyar a ɗumi gida ce mai daɗi ga bakteriya, dalilin da ya sa filatilet ya fi sauran kayan jini haɗarin jefa majinyaci cikin gubar jini ke nan. Firji yana rage wannan sosai.

Mu ne fa ƙasar da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 suka ce mata kusan 82,000 sun rasu a dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini na sahun gaba. Ban ce filatilet zai ceci kowacce ba. Yawancinsu allurar tsuke mahaifa da jan jini suke buƙata tun farko. Amma wadda jinin ya ci ƙarfinta har ya daina daskarewa, ita ce ake rufe wa fuska yayin da mijinta ke maƙale a gosulo da ledar da ya samo da ƙyar.

Masu cewa "ina wutar da za a riƙe firjin?" ba su ma tsaya sun yi tunani ba. Duk bankin jinin da ya amsa sunansa yana da firji, da shi yake ajiye jan jini. Riƙe digiri 22 a Legas, inda zafi ke haura 30, shi ne mai cin wuta: ga na'urar sanyaya, ga ta jijjigawa, ga janareto idan an ɗauke. Na firji ba ya buƙatar jijjiga ko kaɗan, kuma zai iya shiga akwatin sanyi ɗaya da jan jini a bayan babur, irin yadda kamfanin LifeBank ke kai jini asibitocin garin nan. Masu cewa a fara samo masu ba da jini tukuna kuma, sai su faɗa mana hikimar zubar da ɗan abin da aka samu a rana ta shida.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan ɗabi'a ta riƙe ƙa'idar wasu kamar saukakkiya, bayan masu ita sun sake dubawa sun gyara. Sun tsara ta don cututtukansu da wutarsu da ba ta ƙiftawa. Da yaƙi ya kai sojojinsu inda babu waɗannan, suka koma firji ba tare da jin kunya ba. Mu da kullum muke cikin irin wannan hali mun tsaya muna gadin shafin da aka rubuta shekara hamsin da ɗoriya.

Babu wanda ya ce a kwashe komai a zuba a firji gobe. Masu sankara su ci gaba da samun nasu. Amma muna da Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa da doka ta kafa a 2021, Jihar Legas na da tata hukumar, ga asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, cike da ƙwararru kan cututtukan jini. Su ware wani kaso na filatilet su sanyaya, su gwada a ɗakin haihuwa da sashen haɗurra, su fitar da sakamakon kowa ya gani. Idan bai yi ba, su faɗa mana da alƙaluman da suka tattara a kan majinyatanmu.