Kubanni Ba Juji Ba Ne

Jiya da la'asar mai keke Napep ya tsaya da mu a kan gadar kogin Kubanni a nan Zariya yana gardamar canji, sai na leƙa ƙasa. Wallahi ban da ledar fiya wata da robobin lemo, babu abin da ke yawo a kan ruwan. Kogin da ke shayar da jami'ar ABU ta dam ɗinta a Samaru, ya ratso tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari kafin ya faɗa Galma, shi muka mayar juji. Gidajen bakinsa duk sun ba shi baya, bututun banɗaki kaɗai ke kallonsa.

Da an ce a gyara bakin kogi, sai wasu su hango siminti da jerin shaguna, a kori masu lambu. Ni dai ban yarda ba. Mutanen nan masu shuka latas da alayyahu da karas su suka riƙe fadamar, da tuni an yanka ta filaye. Damuwar ita ce da ruwan kwatarmu suke ban ruwa, mu kuma mu saya mu kai gida. To daga nan ya kamata a faro: a tare ƙazantar tun kafin ta shiga kogi, a samar wa unguwannin gefen wurin zuba shara, a dasa jema da itatuwa su riƙe gaɓa. Wurin shan iska da fitilu su biyo baya.

A cikin birni ma haka. Kududdufan da kakanninmu suka haƙi ƙasar gini a cikinsu, su ke shanye ruwan damina. Yanzu sai a cike kududdufi da shara, a sayar, a ɗora gida. Rafin Kamacha ma an matse shi. Agusta na zuwa ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a gindin ginin ƙasa, mu ce ƙaddara.

A Seoul ta Koriya ta Kudu, babban titin sama suka rushe a 2003 don su tono rafin da aka binne, suka buɗe shi a 2005. Mu namu a buɗe yake, ko sisi ba za mu kashe wajen tono shi ba.

Ko nan da Ƙofar Doka ban kai ba na ga wani yaro da baro cike da shara, ya nufi gadar.