Ku daina zagin AI, ku je ku karanta bayanin manhajar

Tun jiya nake ganin ana ta yayata maganar wata manhajar binciken fayil, kowa na cewa wakilin AI (wato AI ɗin da ake turawa ya yi aiki da kansa ta hanyar kiran manhajoji) ya tafka shirme da ita, wai ba shi da kai. Ni ban yarda ba. Laifin wanda ya rubuta bayanin manhajar ne, kuma raina ya ɓaci da yadda aka bar jaki ana dukan taiki.

Ku buɗe bayanin ku gani da idonku. Layi ɗaya ne tak, wai tana nemo fayiloli. Sai gurbi biyu, na abin da za a nema da na inda za a nema, babu ko kalma ɗaya a ƙarƙashinsu. Da wannan aka tura wakili aiki. Ya nemi fayil ɗin saituna, amsa ta dawo wayam, ya ɗauka babu shi, ya ƙirƙiri sabo. Alhali fayil ɗin yana nan daram. Sunansa ne ya fara da ɗigo, wato ɓoyayyen fayil ne, ita kuma manhajar tsallake ɓoyayyun fayiloli take yi. Don Allah ta ina zai san haka? Wa ya faɗa masa?

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne, a tsarin MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, abin da wakili yake gani game da kayan aiki bai wuce suna, da bayani, da tsarin guraben da zai cike ba. Ba ya ganin kod ɗin da ke ciki. Ba ya ganin hirar da kuka yi a ofis ranar da kuka yanke shawarar a riƙa tsallake wasu foldoji. Abin da ba ka rubuta ba, a wurinsa babu shi.

Kuma binciken fayil ba abu ɗaya ba ne. Sunan fayil ake dubawa ko rubutun da ke cikinsa? Salon glob ake so ko regex, wato hanyoyi biyu na rubuta abin da ake nema da alamomi? A glob, tauraro na nufin kowane jerin haruffa. A regex kuwa yana nufin maimaicin abin da ya gabace shi, ɗigo kuma ya tsaya a madadin kowane harafi. Wakili ya rubuta *.py da niyyar glob, wato duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .py, manhaja ta karanta shi a regex, ko dai ta yi kuskure ko ta kawo abin da ba shi aka nema ba. Ana bambanta babban baƙi da ƙarami? Daga wace folda ake farawa? In sakamako ya yi yawa, ana yanke shi? In an yanke, ana sanar da wakilin cewa akwai saura? Wannan ta ƙarshen ita ta fi damuna, domin wakilin da aka ba sakamako guntu ba tare da gargaɗi ba zai rantse ya ga komai.

Ku dubi ripgrep, shirin neman rubutu a fayiloli da Andrew Gallant ya fitar a 2016. Yana tsallake abin da ke cikin .gitignore (jerin fayilolin da aka ce a ƙyale), da ɓoyayyun fayiloli, da waɗanda ba rubutu ba ne, kuma ya faɗi haka ƙarara tun a farkon bayaninsa. Shi kuwa grep -r, tsohon umarnin da ke irin wannan aikin, ba ya kula da .gitignore ko kaɗan. Dukansu nemo rubutu suke yi a fayiloli, amma tambaya ɗaya za ka yi musu su ba ka amsa biyu. Bayanin layi ɗaya zai raba maka su?

Na san wani zai ce dogon bayani yana cinye token, wato gutsattsarin rubutun da ake lissafa kuɗin aikin AI da su. Haba malam. Jimla biyar ko shida ne za su fi tsada, ko wakilin da zai yi ta kiran manhaja yana lalube a duhu? Wani ya ce ai samfuran AI na yanzu sun yi wayo, za su gano da kansu. Wayo ba sanin gaibu ba ne. Mai cewa komai na cikin README (fayil ɗin jagorar da ke zuwa da manhaja) kuma, ba ni da lokacinsa, tunda ba README ake miƙa wa wakili ba.

In kuna son auna bayanin da gaske, ku miƙa shi kaɗai ga mutumin da bai taɓa ganin manhajar ba, ku tambaye shi: idan amsa ta dawo babu komai, me ke nan? In ya kasa bambanta "babu fayil ɗin" da "ba a duba wurin ba", bayanin ya faɗi. Ni wallahi abin yana taɓa ni ne saboda mutane na damƙa wa waɗannan wakilai aikin da suka sha wahala a kai, amsar wayam guda ɗaya kuma ta isa ta jawo a maimaita fayil ko a goge abin da ake amfani da shi.

Af, shekaranjiya ma nake tuna littafin jagora na farko na Unix, tsarin gudanar da kwamfuta, da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka rubuta a 1971. A shafukan umarni akwai sashe mai suna BUGS, inda suke lissafa aibin abin da su da kansu suka ƙera, irin gaskiyar da bayanin manhajar nan ya rasa. Har yau in ka buga man, umarnin da ke buɗe shafin jagora, a kan wasu umarnin za ka tarar da sashen. Wanda bai taɓa karanta shi ba ya gwada man grep yau, ya gangara ƙasa.