Matuƙan jirgin sama da lissafin barin gida

Duk sanda labari ya fito cewa wani gogaggen matuƙin jirgin sama ya ajiye aiki a Legas ko Kano ya koma Doha ko Dubai, maganar mutane ba ta wuce iri biyu. Masu jin haushi su ce kwaɗayin dala ne, ƙasa ta ɗauki ɗawainiyarsa ya juya mata baya. Masu taya murna su ce gara shi, ya tsira. Dukansu sun ɗauka albashi ne kaɗai ke kan sikeli. Ni ina ganin albashi shi ne mafi sauƙin abin da mai wannan shawara zai auna, don lissafinsa ba ya cin minti biyar. Abin da ke hana shi barci shi ne: ranar da kamfani ya daina buƙatata, me zan tarar a hannuna?

Kasuwar dai tana kira, wannan ba a ja. A watan Maris na 2023 Saudiyya ta sanar da kafa sabon kamfani, Riyadh Air, ta yi masa odar jiragen Boeing 787 guda 39 da damar ƙara 33. A watan Nuwamba na shekarar, kamfanin Emirates na Dubai ya yi odar Boeing 777X guda 90 a baje kolin jiragen sama na Dubai. Jirgi mai dogon zango ba matuƙa biyu yake ci ba. Sai an tanadar masa ayari-ayari, saboda doka ta iyakance awannin da mutum ɗaya zai yi a sama, kuma tafiyar da ta zarce wani tsawo sai da matuƙa uku ko huɗu a ciki. 'Yan ƙasa a yankin Gulf ba su da yawan da za su cike waɗannan kujeru, dole a nemo daga waje.

Shi kuwa ɗan Najeriya can ɗin ce ƙofar da ta fi saurin buɗe masa. Amurka sai da takardar izinin aiki, wadda ba kasafai manyan kamfanoninta ke nema wa baƙo ba. Turai sai ya sake zama jarrabawa goma sha wani abu kafin a ba shi lasisinsu, ga kuma batun izinin zama. A Dubai da Doha kamfanin da ya ɗauke ka shi zai yi maka takardar zama, ya taimaka a sauya lasisinka zuwa na ƙasar, ya ba ka gida ko kuɗinsa, ya ɗauki wani kaso na kuɗin makarantar yara. Kuma ba a cire harajin albashi.

A sa wannan kusa da abin da ya sami naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. A ce, don misali kawai, kyaftin yana karɓar naira miliyan 3 a wata: da can kuɗinsa ya haura dala 6,000, bayan 'yan watanni ya koma dala 2,000, bai yi laifin komai ba, bai rage awa ɗaya a aikinsa ba. Alhali sana'ar tasa da dala ake sayenta tun daga tushe. Horon da ake yi don samun izinin tuƙa wani nau'in jirgi, Boeing 737 ko Airbus A320, da dala ake biya, galibi a ƙasar waje, kuma akwai waɗanda sai da aka sayar da fili ko gida aka biya musu. Wanda ya zargi irin wannan mutum da kwaɗayi bai yi masa adalci ba.

To amma akwai abin da takardar albashi ba ta nunawa, kuma nan ne tsofaffin hannu ke jan kunnen na baya.

Na farko shi ne matsayi. A wannan aiki kusan komai da ranar da ka shiga kamfani ake auna shi: wa zai fara hawa kujerar hagu, wato ta kyaftin, wa zai zaɓi lokacin hutu, wa za a fara sallama in abubuwa suka taɓarɓare. Wannan lamba ba a tafiya da ita, in ka bar kamfani ka bar ta a ƙofa. Kyaftin ɗin da ya shekara 15 yana jan ragamar 737 tsakanin Abuja da Maiduguri zai iya samun kansa a kujerar dama ta babban jirgi, yana mataimaki ga wanda bai kai shi shekaru ba, yana jiran shekaru kafin layi ya zo kansa. Wani lokaci kamfanonin kan buɗe ƙofa su ɗauki kyaftin kai tsaye, amma ƙofa ce da ake buɗewa ana rufewa gwargwadon buƙata. Wanda ya saba a ce masa ranka ya daɗe a cikin jirgi da wajensa, sai ya shirya zuciyarsa.

Sai kuma wanda ya fi wannan nauyi. Zamanka a ƙasar a ɗaure yake da aikinka. Duk wanda ya taɓa zama a Saudiyya ya san ma'anar igama da kafili, kuma ko da yake ƙasashen sun sassauta dokokin a 'yan shekarun nan, ainihin abin bai sauya ba: aiki ya ƙare, agogo ya fara bugawa, akwai wa'adin da za ka samu wani aikin ko ka tattara iyali. Babu ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya maka, don Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta yarda da su ba, a Katar ma baƙo ba shi da wannan dama. An ga yadda abin yake a 2020. Da korona ta tsayar da jirage, shugaban Emirates Tim Clark ya shaida wa BBC cewa za su rage ma'aikata har 9,000, kuma matuƙa da yawa na ciki. Mutum ya rasa aiki, gida, makarantar yara da izinin zama a wasiƙa guda, a lokacin da kusan babu kamfanin da ke ɗaukar matuƙa. Irin wannan ta sami waɗanda suka tafi China, inda kafin annobar ake tallar albashin da ya kai wajen dala 300,000 a shekara ga kyaftin baƙo. Da aka rufe iyaka, baƙin aka fara ajiyewa. A Hong Kong, kamfanin Cathay Dragon gaba ɗayansa aka rufe a watan Oktoba na 2020.

Akwai gajiya. Filayen Dubai da Doha tsakar dare suke cika, domin an tsara su ne su haɗa jiragen gabas da na yamma, saboda haka tashin ƙarfe 2 ko 3 na dare ba baƙon abu ba ne, kuma kamfanoni kan kai matuƙi kusa da iyakar awannin da doka ta yarda. Bayan jirgin flydubai ya faɗi a Rostov-on-Don ta Rasha ranar 19 ga Maris 2016, mutum 62 suka mutu, wasu matuƙan kamfanin sun fito a ɓoye suna kokawa da jadawalin aiki, rahoton binciken ƙarshe ma ya ambaci yiwuwar gajiya cikin abubuwan da suka taimaka. Inda babu ƙungiya, mai cewa na gaji shi kaɗai yake faɗa.

Ɗan Najeriya yana da ƙarin nasa da Bature abokin aikinsa ba shi da shi, wato fasfo. Daga 2022 Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, ba a ɗage ba sai a watan Yuli na 2024. Emirates kuma ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗinsa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. Kusan shekara biyu mutum yana tuƙa jirgi zuwa Landan da Sidni, amma kawo mahaifiyarsa ta ga jikoki ya zama aiki.

Duk waɗannan gaskiya ne. Inda na rabu da masu gargaɗin shi ne, an ƙera gargaɗin nan ne don wani mutum daban. Matuƙin Delta ko United a Amurka, in ya bar aikinsa ya tafi Gulf, ya bar layin matsayi da ƙungiyarsa ta ALPA ke karewa da yarjejeniya a rubuce, ya bar tsarin ritaya, ya bar kamfanin da da wuya a wayi gari babu shi. Shi kam yana da abin asara. Namu fa, me zai bari?

A ƙirga. Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, ma'aikatansa suka yi ta bin haƙƙinsu, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta saki naira biliyan 22.68, rabin abin da suke bi, bayan da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Okada, Bellview, Chanchangi, IRS, Air Nigeria da ya fara da sunan Virgin Nigeria, duk sun zama labari. Kabo Air da ya yi tashe a Kano wajen jigilar alhazai, yau ina yake? Arik, wanda ya taɓa zama mafi girma a ƙasar, AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussukan da suka gagara biya, ta karɓe shi a watan Fabrairu na 2017 saboda bashi. Aero Contractors ya dakatar da jigila a 2016, ya sake a 2022. An dakatar da Dana a watan Afrilu na 2024. A shekarar koronar nan da Emirates ke sallamar mutane, Air Peace ya sallami matuƙa kimanin 70, Bristow ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100, duk a watan Agusta, kuma NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgin sama, tana nan, ta yi magana, ba ta iya hanawa ba. Matsayi a kamfanin da ba a san zai kai baɗi ba, lamba ce a takarda. An ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, amma a wannan sana'ar sau da yawa gidan ne ke fara tashi ya bar mai shi a tsaye.

Don haka in aka auna da mummunar rana, wadda na ce ita ce ma'auni, gida bai yi nasara ba. A duka wuraren ana iya sallamarka. Bambancin shi ne a can an biya ka da kuɗin da za ka iya tarawa, kuma ka fito da awanni a kan babban jirgi waɗanda kowace kasuwa ke saye. A nan abin da ka tsira da shi shi ne ba wanda zai ce ka bar ƙasa, kana cikin dangi. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ba ya biyan kuɗin makaranta.

Shekaru su ne ke raba gardama. Dokar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta tsayar da tuƙin jirgin fasinja tsakanin ƙasashe a shekara 65. Mataimaki ɗan shekara 30 da 'yan kai, mai awa dubu biyu ko uku, yana da lokacin da zai bi layi a sabon wuri ya hau kujerar hagu ya kuma more ta. Shi kam ban ga abin da zai riƙe shi ba. Kyaftin ɗan 55, wanda ke horar da wasu, 'ya'yansa sun girma, lissafinsa daban ne: shekara goma suka rage, kuma duk ranar da likita ya ƙi sabunta masa takardar lafiya aikin ya ƙare, ko a ina yake. Wanda zai tafi, ya karanta sharaɗin kuɗin horo da kyau, ya san nawa zai biya in ya bar aiki kafin wa'adi, ya nemi inshorar rasa lasisi, kuma kada ya bar lasisinsa na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ya mutu. Ya kuma tuna darajar takardarsa a waje tana rataye da mutuncin hukumar da ta ba shi. A watan Yuni na 2020 ministan sufurin jiragen saman Pakistan ya faɗa wa majalisa cewa matuƙa 262 cikin 860 lasisinsu akwai shakku. Nan take aka dakatar da 'yan Pakistan masu aiki a ƙasashe irin su Vietnam, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Kamfanoni kuwa, abin da ya fi saurin zuwa musu shi ne mari, wato ɗaure matuƙi da doka kada ya tafi. Indiya ta gwada: a 2017 hukumarta ta jiragen sama ta ce kyaftin sai ya ba da sanarwar shekara guda kafin ya bar aiki, mataimaki wata shida. A 2023 Akasa Air ya kai ƙara kotu bayan matuƙansa 43 sun tafi ba su cika wa'adi ba. A 2025 Indiya ta kai wa ICAO takarda tana neman a kafa ƙa'idar hana kamfanonin waje kwashe mata ma'aikata, wanda ke nuna marin bai tsayar da kowa ba. Kamfanin da ya kashe dala ya horar da mutum yana da haƙƙin a yi masa aiki na wasu shekaru ko a biya shi ragowar, wannan adalci ne. Amma kamfanin da ke jinkirta albashi ba shi da bakin neman a ɗaure masa ma'aikaci. Ni dai ba na son zama a bayan matuƙin da kotu ce ta zaunar da shi a kujera.

Asarar da ta fi damuna ba ta fasinjan yau ba ce, don kamfani zai ɗauko baƙo ya biya shi da dalar da ya hana ɗan gida. Ta matasan da ke bayan layi ce. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, tana ta yaye matuƙa, ga ta Ilorin, ga waɗanda iyaye da gwamnatoci suka tura waje. A mulkin Kwankwaso na biyu Kano ta tura matasa 100 Jordan su koyi tuƙi, da yawansu suka dawo suka daɗe ba su shiga jirgi ba. Sabon matuƙi kan fito da awa 200 da 'yan kai, babban lasisin da ake zama kyaftin da shi kuma sai da awa 1,500. Ba Emirates ba ne zai cike masa wannan tazara, kamfanin gida ne, kuma sai a gefen kyaftin mai izinin horarwa. Irin wannan kyaftin shi ne wanda Doha ta fi so. Duk ɗaya da ya tafi, matasan da za su bi ta hannunsa sun koma jira. In masu kamfanoni ba za su iya riƙe kowa ba, to su ware waɗannan 'yan ƙalilan, su ɗaura wani ɓangare na albashinsu da farashin dala, su biya a kan kari, NCAA kuma ta riƙa duba bashin albashi a lokacin sabunta lasisin kamfani kamar yadda take duba takardun gyaran injin.