Waya Tana Wajen Gyara, Cinyata Tana Amsa Kira

Tun bayan ƙaramar Sallah wayata ta tsiro da sabon salo. Ina zaune a shago a Kantin Kwari sai in ji "ɓrrr" a aljihu, in zaro da sauri ko alat ne ya faɗo, in tarar ko filashin babu. Da abin ya ishe ni na kai ta wajen mai gyara. Ya juya ta, ya hura mata iska, ya ce in bar ta ta kwana.

Ina cikin adaidaita, daidai gadar Dangi, sai ga ɓrrr. Na cusa hannu, ba komai sai goro da canji. Na ce girgizar adaidaita ce. Ina zama kan tabarma a gida, ɓrrr!

Uwargida ba ta ɓata lokaci ba. "Alhaji, wannan ai iska ce." Kafin a kira Isha ta haɗa garwashi ta zuba habbatus-sauda, ta lulluɓe ni da bargo. Sauron gidan ya watse kaf, ni kuwa na fito ina tari, cinya tana nan tana aikinta.

Washegari ɗan yayana da ke karatun likita a asibitin Malam Aminu Kano ya biyo shago, na karanta masa. Yaron nan sai da ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baffa, ƙwaƙwalwarka ce take cinkar kira. Ta saba jiran alat, wando na gogar fata sai ta ce waya ce. Mutane da yawa suna jin haka, kuma lafiyarsu ƙalau."

Ya ce a tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani sashe, talamus, kamar mai gadin ƙofa: saƙon ido da kunne da fata sai sun bi ta wajensa ya tace, ƙamshi ne kawai yake da tasa hanyar. Shi ya sa nake iya cinikin atamfa cikin ihun 'yan dako da ƙarar janareto. In tacewar ta samu matsala, kamar yadda ake gani a wasu masu otizim, wata lalurar ƙwaƙwalwa da ake tasowa da ita tun yarinta, ƙarar fanka ma azaba ce.

Da ya zo kan sikizofireniya, ciwon taɓin hankali da kan sa mutum jin muryoyin da babu mai yin su, sai dariyar ta ɗauke. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kama kusan mutum 1 cikin 300, kuma mai jin muryoyi ba ƙarya yake ba: hoton ƙwaƙwalwa yana nuna sashen ji yana aiki a lokacin. Masana da dama suna ganin zancen zucinsa ne ƙwaƙwalwar ta kasa shaida cewa nasa ne. Kuma ana magani.

"Ka taɓa yi wa kanka cakulkuli ka yi dariya? Ba ya yiwuwa, don sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya ya riga ya san hannunka na zuwa, sai ya rage kaifin abin. Amma wasu masu jin muryoyi suna jin nasu cakulkulin sosai."

Ni fa ba na barin magana a rataye. Yana fita na leƙa dama da hagu, na tattare hannun babbar riga, na zura yatsu a hammata. Shiru. Na koma ɗaya. Na cire takalmi na ɗora ƙafa kan bandir ɗin shadda, ina sosa tafin da murfin biro, ido a rufe, ina hamdala da ƙarfi cewa ban ji komai ba.

Ina buɗe ido na ga wata Hajiya da 'yarta, sun zo haɗa lefe. Ta kama hannun yarinyar suka yi baya-baya, suka faɗa shagon maƙwabcina, wanda ya kwashe cinikin tas.

Da la'asar ya leƙo yana sakace, ya ajiye min lemo mai sanyi.

"Alhaji, in asibitin Dawanau za a je, ka faɗa da wuri. Mai ya yi tsada, amma ni zan biya shatar adaidaita."